Tsohuwar mota mai ɗaki ko sabuwa mai fasalin da: wacce ta dace da mai iyali?

Wani ɗan'uwa mazaunin Amurka ya aiko da tambaya cewa yana so ya sayi mota mai ɗaki, irin wadda ake ƙerawa da gado da madafa da banɗaki a cikinta, domin ya riƙa zagaya ƙasar da iyalinsa a lokacin hutun makaranta. Ya ga tsofaffi na shekarun 1970 ana sayar da su da araha, ya kuma ga sababbi da aka yi musu fasali da fenti irin na wancan zamani, sai ya rasa wacce zai ɗauka. Ya ƙara da cewa shi ba makanike ba ne, amma yana iya riƙe sifana ya yi ƙananan gyare-gyare.

Ɗan'uwa, amsata a taƙaice ita ce waɗannan motoci biyu sun yi kama a ido ne kawai, amma abin da kowace take nema daga mai ita ya sha bamban. Wanda ya sayi tsohuwar ya ɗaukar wa kansa sana'a ta biyu, domin za ta ci lokacinsa da ranakun hutunsa kafin ta kai shi ko'ina. Wanda ya sayi sabuwar kuwa motar wannan zamani ya saya, sai ya auna ta da ma'aunin motocin wannan zamani, kada launin fentinta ya sa ya yi mata sassauci. Tunda hutunka ƙayyadadde ne kuma akwai yara a tafiyar, na fi karkata ga sabuwar, amma akwai tsofaffi ƙalilan da suka cancanci a tsaya a kansu, kuma ya kamata ka san dalili.

Abu na farko da masu talla ba sa bayyanawa shi ne sababbin da ke da fasalin da, mafi yawansu ba su da inji, ɗakuna ne da ake ɗaurawa a bayan wata mota a ja su. Riverside Retro da Gulf Stream Vintage Cruiser duk na ja ne. Haka ma Shasta Airflyte, wadda kamfanin ya sake fitarwa a 2015 bisa siffar ta 1961, ya ƙera guda 1,941 kacal domin tunawa da shekarar kafuwarsa. Airstream ma, mai bodin alminiyam mai sheƙi da ake harhaɗawa a Jackson Center ta jihar Ohio, ba ta taɓa barin siffar da Wally Byam, wanda ya kafa kamfanin, ya fito da ita a shekarun 1930 ba, balle a ce ta koma mata. A cikin masu inji kuwa, fitacciyar ita ce Winnebago Brave da aka dawo da ita a matsayin ƙirar 2015, tare da 'yar'uwarta Itasca Tribute, da goshin nan mai tudu a saman gilashi wanda Amurkawa suke kira gira, da babban harafin W a gefe. An ɗora ta a kan shasin Ford F53 mai injin silinda goma, kuma bayan 'yan shekaru kamfanin ya daina ƙera ta. Saboda haka idan ita ka gani, ta hannu ce, kuma ita kanta yanzu ta kai shekara goma. A Turai akwai wani salo na daban, inda kamfanin Caselani na Italiya ya fara tun 2017 yana lulluɓe sabuwar Citroën Jumper da fallayen faiba masu gurbi-gurbi domin ta yi kama da Citroën Type H da aka ƙera daga 1947 zuwa 1981. Volkswagen ID. Buzz mai aiki da lantarki, wadda ta fito a Turai a 2022, ta ɗauko fuskar tsohuwar Kombi, amma motar ɗaukar mutane ko kaya ce, ba ta fitowa daga masana'anta da madafa.

Idan muka koma ga tsofaffin, kuskuren da kusan kowane mai saye yake yi shi ne ya fara da inji. Zai sa a tayar da mota, ya saurari ƙararta, ya duba hayaƙi, idan ya ji daidai sai ya biya. A irin waɗannan motoci inji shi ne mafi sauƙin matsala. Injinan da aka sa musu na manyan motocin Amurka ne da aka ƙera da yawan gaske, kamar Dodge 318 da 440, da Chevrolet 454, da Oldsmobile 455, kuma har yau ana samun kayan gyaransu a shagunan safaya na gari. Inji idan ya mutu ana sauke shi a sake masa rai ko a sa wani, kuma kuɗin aikin sananne ne tun kafin a fara. Abin da yake kashe mota mai ɗaki shi ne ruwan sama.

Dalilin yana cikin yadda aka gina ɗakin. Mafi yawan motocin shekarun 1960 da 1970 an yi bangonsu da katako, ko dai firam na katako da aka lulluɓe da siririn alminiyam, ko kuma fallaye uku da aka manne da gam, wato alminiyam a waje, soso mai tauri a tsakiya, falankin katako a ciki. Winnebago, wadda aka kafa a Forest City ta jihar Iowa a 1958 ta kuma fitar da motarta mai ɗaki ta farko a 1966, da irin wannan bango mai manne ta yi suna, kuma shi ya taimaka mata ta sayar da motocinta a kusan rabin farashin abokan gasarta. Amma kowace taga, kowace kafar iska a rufi, kowane noti da aka ɗaura a kusurwa, ƙofa ce ta ruwa da zarar gam ɗin da ya toshe ta ya bushe ya tsage. Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san abin da yake faruwa idan indararo ya toshe da damina: bango yana nan tsaye da kyansa a waje, alhali ruwa ya cinye shi ta ciki. Haka katakon nan yake ruɓewa shekara da shekaru ba a gani, har ranar da za ka taka daɓe kusa da banɗaki ka ji yana lotsawa, ko ka danna bango a ƙarƙashin taga yatsanka ya shige. Gyaran wannan ba faci ba ne, sai an ciro kabad da gado da firji, an sauke fatar waje, an sake firam ɗin daga tushe, kuma kuɗin ƙwadagon sau da yawa ya fi kuɗin motar gaba ɗaya. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata a kan mutane da yawa. Funfunar da take tsirowa a irin wannan bango kuma ba abin da za a kwantar da yara kusa da shi ba ne.

Wannan ne ya sa tsofaffin da suka rayu har suke da daraja a yau su ne waɗanda ba a dogara da katako wajen tsayar da bodinsu ba. Travco, wadda ta samo asali daga motar da Ray Frank ya ƙera wa iyalinsa a Brown City ta jihar Michigan a ƙarshen shekarun 1950, bodinta na faiba ne a kan firam na ƙarfe, an ɗora ta a kan shasin Dodge. Amma wadda na fi girmamawa ita ce GMC Motorhome, wadda General Motors ta ƙera da kanta a Pontiac daga 1973 zuwa 1978, guda 12,921, masu tsawon ƙafa 23 da masu ƙafa 26. Sauran kamfanoni shasin motar kaya suke saya su gina ɗaki a kai, ita kuwa tun daga zane an tsara ta a matsayin mota mai ɗaki. An ɗauko inji da giyar Oldsmobile Toronado masu jan tayoyin gaba, don haka babu doguwar sandar da take kai ƙarfi zuwa baya, sai daɓen ya sauko ƙasa sosai, motar ta zauna daram a hanya, shiga cikinta kuma bai buƙatar hawa matakala mai tsawo. Tayoyin baya huɗu ne, biyu a jere a kowane gefe, suna kan jakar iska maimakon sifirin, shi ya sa tafiyarta take da laushi har yau. Firam ɗin bodin alminiyam ne, fatar kuma alminiyam da faiba. Dubbai daga cikinsu suna kan hanya har yanzu, akwai ƙungiyar masu ita mai suna GMC Motorhomes International, akwai shagunan da ba su da wani aiki sai ƙera mata kayan gyara, har ma masu ita suna da jerin sunayen 'yan sa-kai da suke taimakon duk wanda tasa ta lalace a hanya. Wannan jama'a da take bayanta rabin darajarta ne. Duk da haka tana da nata rauni: shasin ƙarfe yana tsatsa a jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, boris na tayoyin gaba suna son kulawa a kan kari, kuma saboda nauyi ya fi yawa a baya alhali gaba ne yake ja, tana iya maƙalewa a jiƙaƙƙiyar ciyawa ko yashi inda wata za ta wuce.

Akwai ƙananan biyu da za ka ci karo da su. Na farko su ne waɗanda aka gina a kan Toyota fikof, irin su Dolphin da Sunrader, daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990. Injin 22R mai silinda huɗu da yake cikin da yawansu, wanda makanikan da suka saba da tsohuwar Hilux suka sani sarai, yana da juriya ƙwarai, sai dai an ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Mafi muhimmanci, na farko-farkon an sa musu aksil ɗin baya na ƙaramar mota, yana karyewa taya ta fita a kan gudu, har aka yi kiranye a 1991 domin sauya shi. Idan ka ga irinta, ka duba tayar baya, ingantaccen aksil yana da noti shida da cibiya mai fitowa waje. Na biyu ita ce Volkswagen Westfalia, wato Kombi da kamfanin Westfalia na Jamus ya fara mayarwa ɗakin kwana tun 1951, irin motar da danfo na Legas ya samo asali daga gare ta. Tana da farin jini kuma farashinta ya yi sama, amma injinta mai sanyaya kansa da iska ƙarami ne, tana jan jiki a kan tudu, ba ta da banɗaki, kuma babu abin da ya raba ƙafafun direba da abin da zai yi karo da shi sai siririn ƙarfe. Ga ma'aurata biyu a ƙarshen mako tana da daɗi, ga mai yara da doguwar tafiya ban ba da shawararta ba.

Maganar tsaro ita ce ta fi nauyi a wurina. Tsohuwar mota ta shekarun 1970 bel ɗin cinya kawai gare ta, wani lokaci ma a kujerun gaba kaɗai, birkin baya na ganga ne, babu na'urar hana taya kullewa, babu wurin da aka tanada domin ɗaura kujerar jariri. Tayoyi da yawa na inci 16.5 ne, girman da yanzu yake wahalar samu, shi ya sa masu su suke sauya rim zuwa inci 16. Kada zanen taya ya ruɗe ka, domin irin wannan mota zama take yi fiye da tafiya, tayarta tsufa take yi kafin ta cinye. A gefen kowace taya da aka yi daga shekarar 2000 akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, kuma wadda ta haura shekara shida zuwa bakwai ta isa canji ko da sabuwa take a ido. Sai kuma tsarin gas na girki da ɗumama ɗaki, da tsohon firji mai aiki da gas da sinadarin amoniya, da janareta, da wayarin da mutane daban-daban suka yi ta ƙari a kansa tsawon shekara hamsin. Gobara da iskar nan mai guba marar wari da take fita daga ƙonewar mai su ne haɗarin da suke samun mutane suna barci, don haka duk wadda ka saya, na'urar gano hayaƙi da ta gano gas da ta gano iskar mai guba su ne farkon abin da za ka sa, kuma su ma suna da wa'adin da ake sauya su. Amma adalci ne in faɗa maka cewa manyan motoci masu ɗaki na zamani, masu siffar bas irin Brave, su ma ba a yi musu gwajin karo irin na ƙananan motoci, kuma yawancinsu ba su da jakar iska a sitiyari. Sun fi tsofaffin birki da bel, amma waɗanda aka gina a kan Ford Transit ko Mercedes Sprinter, inda aka bar gaban motar yadda masana'anta ta yi shi, sun fi su kare direba da na kusa da shi.

A kan shan mai, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Tsohuwar babba mai kafireto tana yin mil 6 zuwa 10 a galan, wato wajen kilomita biyu da rabi zuwa huɗu a lita. Brave ta 2015 da injinta na silinda goma ita ma a cikin wannan iyaka take yawo, domin iska da nauyi ba su san shekarar ƙira ba. Ribar sabon inji ita ce yana tashi da safe ba gardama, ba ya shaƙewa a kan tsaunukan Colorado inda iska take da ƙaranci, ba ya tafasa a zafin Arizona, kuma kowane gareji zai jona masa kwamfuta ya gano ciwonsa. Tsohon kuwa an ƙera shi kafin man da ake haɗawa da kashi goma na itanol ya zama ruwan dare, kuma wannan mai yana cinye tsofaffin tiyo na roba da kayan cikin kafireto, saboda haka sauya duk tiyon mai wajibi ne tun ranar farko. Makanikan da suka iya saita kafireto kuma suna ta raguwa, garejoji da yawa ma ba sa karɓar mota mai wannan shekaru.

Kada kuma ka ɗauka cewa sabuwa tana nufin babu matsala. Mafi yawan waɗannan ɗakuna da motoci a yankin Elkhart na jihar Indiana ake harhaɗa su, da hannu kuma cikin sauri, kuma a 2021 masana'antar ta fitar da kimanin 600,000, adadin da ba ta taɓa kaiwa ba, masu saye kuwa suka yi ta kuka da sakacin aiki a kayan wancan lokaci. Da yawa daga cikin na ja masu fasalin da har yanzu firam ɗin katako ne da fatar alminiyam, wato ginin da na bayyana a sama ne sak, tare da rauninsa. Daɓe mai zanen dara baƙi da fari da kujeru ja masu sheƙi ba sa hana yoyo. Rufinsu yana buƙatar a hau a duba gam aƙalla sau biyu a shekara, idan ba haka ba nan da shekara goma za su zama irin tsofaffin da nake gargaɗinka a kansu. Abin da sabuwar take ba ka shi ne garanti, da wayarin da ba a taɓa ba, da na'urar sanyaya ɗaki mai aiki, da tankunan ruwa masu tsabta, da kuma damar ka san tarihin rufinka tun daga ranar farko.

Ta fuskar kuɗi, sabuwa tana zubar da daraja da sauri a shekarunta na farko, kuma yawanci da bashin banki mai tsawon shekara goma zuwa ashirin ake sayenta, abin da mai guje wa kuɗin ruwa zai so ya sani tun da wuri. Tsohuwa kuwa bankuna ba sa cika ba da bashi a kanta, da kuɗi hannu ake saye, kuma idan GMC ce ko Westfalia mai lafiya darajarta ba ta faɗuwa. Sai dai wanda ya gyara da kansa da wuya ya mayar da abin da ya kashe, shi ya sa masu wannan harka suke cewa ka sayi wadda wani ya riga ya gama gyarawa, da rasiɗan aikin a hannu, ko da ta ninka lalatacciyar kuɗi. Ka kuma sani cewa wasu wuraren yada zango masu zaman kansu suna da ƙa'idar ƙin karɓar motar da ta wuce shekara goma, ko da yake da yawansu suna sassautawa idan ka aika hoto suka ga tana da tsabta, wuraren gwamnati kuwa ba su damu da shekaru ba, tsawon mota suke dubawa. Idan a California kake, motar fetur ƙirar 1975 zuwa baya ba ta shiga gwajin hayaƙi, amma ta 1976 zuwa sama tana shiga, kuma wannan shekara guda tana iya zama bambanci babba tsakanin GMC biyu masu kama ɗaya.

A halin da ka bayyana, idan kana da motar da za ta iya ja, ƙaramin ɗakin ja mai fasalin da shi ne mafi sauƙin hanya, domin ba ka ƙara wa kanka inji na biyu ba, yara suna zaune a motar da take da cikakken tsaro, kuma idan kun sauka za ku kwance ɗakin ku shiga gari. Ka tabbata nauyinsa da kaya bai wuce abin da aka rubuta motarka za ta iya ja ba. Idan lallai mai inji kake so, ka nemi Brave ta hannu ko wata ta zamani a kan Transit ko Sprinter. Idan kuma zuciyarka ta kafe a kan tsohuwa, ka tsaya ga GMC ko Travco, ka fara shiga ƙungiyar masu ita kafin ka sayi motar, domin a can ake sayar da masu lafiya tun ba a kai su kasuwa ba.

Kowacce ka zaɓa, kada ka biya sai ka ɗauki mai duba irin waɗannan motoci wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa. Ya hau rufi, ya bi bango da daɓe da na'urar auna danshi, ya gwada layin gas ya ga ko yana riƙe matsi, ya kunna firji da janareta su yi aiki na sa'o'i, ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa shasi. Kai ma ka shiga ka rufe ƙofa ka shaƙi iskar ciki, ka buɗe kabad na sama ka duba kusurwoyi ko akwai tabon ruwa, kuma sabon fenti a silin ko turare mai yawa su sa ka ƙara bincike. Idan tsohuwa ce, ka nemi inshorar da ake amincewa da darajar motar a rubuce tun farko, ka kuma yi rajistar jan mota da ta shafi manyan motoci, domin ta ƙananan motoci ba ta ɗaukar mai ƙafa 26. Tafiyarku ta farko kuma ta zama kwana biyu a wurin da bai wuce sa'a ɗaya daga gida ba, ku yi girki, ku yi wanka, ku kunna komai, kafin ka ɗauki iyali zuwa wuraren shaƙatawa masu nisa irin su Yellowstone ko Grand Canyon.